Ragowar Maganin Bara

Su huɗu ne a ɗakin: Zacharias, da matarsa Justina, da 'yarsu Felicity mai shekara goma, sai ƙaninta Nathan da bai gama cika wata tara ba. Daga arewa maso gabas suka zo, a shekarun da rikici ya tashi ƙauyensu, suka sauka a Kuchigoro inda 'yan garinsu da dama suka riga su sauka. A can gida manoma ne. A nan ba su da gona, ba su da famfo, ba su da bayan gida nasu na kansu. Guda ɗaya ne a ƙarshen layi, kowa shi yake shiga. Ruwa kuma sai mairuwa ya turo kurarsa. Ba su da kaka ko gwaggo a kusa da za a bar wa yaro. Zacharias leburanci yake yi a wani gini can wajen Karshi, sai ranar Asabar yake zuwa gida. Justina tana wanki da shara a wani gida mai doguwar katanga, gidan da matar gidan ta faɗa mata tun ranar farko cewa ba a zuwa mata aiki da goyo.

Saboda haka da aka yi hutun Ista, rainon Nathan ya dawo hannun Felicity gaba ɗaya. Yarinya ce mai jin magana. Idan aka ce ta zauna, tana zama. Idan aka ce ta dama koko cokali uku, ba ta sa huɗu.

Akwai abu ɗaya da suke da shi wanda Justina take ji da shi. Wani gwangwanin madara ne, a saƙale saman katakon rufi, a cikinsa akwai kafso mai ja da ruwan ɗorawa, an ƙulle a leda. Bara Felicity ta yi atuni, tana kashi da jini da majina, tana murƙususu a tabarma. Aka kai ta ƙaramin asibitin unguwa, aka ba ta wannan kafson, aka ce ta shanye duka. A kwana na uku ta miƙe tana neman tuwo. Justina ta dubi sauran, ta kasa ci gaba da ba mai lafiya magani. Ita da ta taɓa kwana biyu a jeji da jaririya a baya, ba ko ƙwayar maganin zazzaɓi a hannunta, ba ta iya ganin magani mai kyau yana tafiya a banza. Ta ƙulle shi ta ajiye.

Ranar Talata da hantsi Nathan ya amayar da kokonsa. Felicity ta goge, ta sake ba shi, ya sake amayarwa. Jikinsa ya ɗauki zafi. Kafin azahar zawo ya fara, ruwa tsululu, babu jini, babu komai, yana bi ta gefen tsumman da aka ƙunsa masa har ƙafa. Ta wanke shi, ta canza masa, ta shanya tsumman a igiya, kafin ta juyo ya sake.

Iya Zulai ce maƙwabciyarsu ta jikin bango, tsohuwa mai suyar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Ita ma gudun rikicin ne ya kawo ta. Tana kiran Nathan mijinta, kullum da ƙorafin bai yi mata cefane ba.

"Feli, me ya sami maigidana yau? Ko gaisuwa babu?"

"Iya, zawo yake yi. Sau biyar ke nan."

"Miƙo min shi nan, ragon miji." Ta sa yatsa a bakinsa ta shafa dasashi. "Haƙori ne. Ga su nan suna turowa. Duk yaron da zai yi haƙori sai cikinsa ya gudana. Kai kuma ka yi ka fito da su, ko na samu mai taya ni cin gyaɗa."

Felicity ta yi dariya, hankalinta ya ɗan kwanta.

Da yamma Justina ta dawo, ta sa shi a nono. Ya kama da ƙarfi kamar zai cire, ya sha, bai jima ba ya dawo da shi duka a zaninta. Ta zauna tana kallonsa. Daga baya ta ce wataƙila nononta ne ya yi zafi, tun da a ƙafa ta dawo cikin rana, kuma tun tana yarinya ta ji ana cewa nonon da rana ta daka yana ɓata cikin yaro. Ta rage ba shi. Sannan ta taka kujera ta sauko da gwangwanin.

Da sassafe ranar Laraba ta zaunar da Felicity ta nuna mata. Ta ɓare kafso ɗaya, ta zazzage garin a murfin kwano, ta raba shi uku da bakin wuƙa.

"Kin gani? Shi ƙarami ne, ba zai sha guda ba. Kashi ɗaya yanzu, ɗaya in rana ta take, ɗaya da la'asar. Ki kwaɓa da ruwa ɗan kaɗan a cokali."

"To, Mama."

"Kuma ki saurare ni da kyau. Kar ki ba shi ruwa. Duk abin da ya sha ta ƙasa yake fita. In kika yi ta ɗura masa, cikin ba zai ɗaure ba, maganin ma wankewa zai yi. Ko ya yi kuka ki daure. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Shi ya warkar da ke bara. Kin manta?"

Felicity ba ta manta ba. Tana iya tuna ɗacinsa, tana iya tuna ranar da murɗawar cikin ta sake ta.

Watan Afrilu ne, langa-langar ɗakin ta ɗauki zafi tun kafin hantsi. Felicity ta shimfiɗa tabarma a inuwar bango ta kwantar da shi. Ta ba shi kashin farko, ya yamutsa fuska ya haɗiye, sai ya riƙe cokalin da hannu biyu yana tsotsa. Da ƙyar ta ƙwace. Nathan yana da kofinsa na roba, shuɗi, mai hannu biyu, ya san shi sarai. Ya hango shi a kan jarka, ya miƙa hannu yana ihu. Felicity ta ɗauke kofin ta tura shi ƙarƙashin kwando. Ya juya ga jarkar kanta. Ta ja jarkar ta kai bayan ƙofa.

Ta goya shi, ta yi ta kai da komo a layi. Ta yi masa waƙar coci, ta kaɗa masa murfin kwalba a gwangwani, ta nuna masa akuyar maƙwabta. Yana lasar wuyanta inda gumi ya taru. Ita kanta ƙishirwa ta dame ta, sai ta kwantar da shi, ta shiga bayan ƙofa, ta juya baya ta sha a ɓoye don kada ya gani. Sau ɗaya ta tsaya da moɗa a hannu tana jin kukansa, ta ce a ranta maƙurwa ɗaya ba za ta yi komai ba. Sai ta tuna muryar Mama, ta tuna maganin zai wanke. Ta mayar da ruwan cikin jarka.

Zawon bai tsaya ba. Ta daina ƙirgawa bayan na bakwai.

Da la'asar Iya Zulai ta leƙo ta shafa kansa, ta tsaya a tsakiyar kai, inda ƙashin jarirai bai haɗe ba.

"Maɗigarsa ta faɗa. Shi ya sa." Ta koma ɗakinta ta daka wani ganye, ta kwaɓa da man kaɗanya, ta zo ta liƙa masa a wurin. "Wannan zai ɗago ta. Maigida, ka ga na yi maka kwalliya, saura ka tashi ka biya ni."

Nathan bai kalle ta ba.

Ranar Alhamis Justina ta daɗe a bakin ƙofa da jakarta a hannu. Matar gidan da take wa aiki tana da baƙi ranar, ta ce kowa ya zo da wuri. Justina ta dawo ta taɓa goshinsa, ta fita, ta sake dawowa.

"Zafin ya ragu," in ji ta. "Kuma ya yi shiru. Ina jin maganin ya fara kama shi. Ki ci gaba yadda na ce. Zan roƙi madam ta sake ni da azahar."

Bayan ta tafi Felicity ta tara tsummokaran ta wanke. Ta lura da wani abu da ya faranta mata rai: na safiyar nan bai jiƙe sosai ba, kuma tun jiya da rana ba ta ji zarnin fitsari a ko ɗaya ba. Nathan yana kwance, ba ya ihu, ba ya miƙa hannu ga komai. Wani lokaci yakan buɗe baki kamar zai yi kuka, sai wata 'yar murya ta fito, ba hawaye. Ta kwaɓa maganin, ta sa masa a baki, ya gangaro ta gefe.

Ta ɗauke shi ta je wurin Iya Zulai da murnarta.

"Iya, ya samu sauƙi. Ya daina kuka, ko fitsari ma ya daina."

Tsohuwar tana juya gyaɗa a kasko. Ta ɗago ta dube shi. Idanunsa sun zurma, rabi a buɗe, farin kawai ake gani. Kansa ya langaɓe a kafaɗar yayarsa. Iya Zulai ba ta kira shi mijinta ba. Ta sauke kaskon daga wuta, ta yafa mayafi.

"Ɗauko zani. Maza."

"Iya, lafiya?"

"Na ce ki ɗauko zani."

Ita ta goya shi, duk da ƙafarta mai ciwo. A hanya ta ba Felicity wayarta ta ce ta kira uwarta. Sau uku tana kira ba a ɗauka ba, sai a na huɗu.

A ƙaramin asibitin akwai mata a kan benci, uku daga cikinsu da yara masu irin wannan ciwon. Nas ɗin da ke aiki ranar, Sista Mashkura, ta hango goyon Iya Zulai, ta bar abin da take rubutawa ta taso. Ta kwance shi ta shimfiɗa a gado. Ta kama fatar cikinsa da yatsu biyu ta ja ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ta goge kwaɓin da ke kansa da auduga.

"Ke ce yayarsa? Kwana nawa?"

"Yau uku, Anti."

"Akwai jini a kashin?"

"Babu. Ruwa ne kawai. Da amai."

"Me kuka ba shi?"

Felicity ta kwance bakin zaninta ta nuna ledar kafson. Sista Mashkura ta duba, ta ajiye a tebur. Tana magana tana ɗaure masa hannu da roba, tana neman jijiya.

"Yaushe rabonsa da ruwa?"

"Ban ba shi ba, Anti," in ji Felicity. Ta faɗa da ƙarfinta, don ta san ta yi abin da aka sa ta. "Tun jiya da safe ko kaɗan ban ba shi ba. Ya yi ta kuka amma na daure."

Hannun Sista Mashkura ya tsaya. Ta ɗago ta dubi yarinyar, ta dubi Iya Zulai. Matan da ke benci suka juyo suna kallonta. Felicity ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana jiran wata ta ce ta kyauta.

"To," in ji Sista Mashkura a hankali. "Zo ki riƙe min ƙafarsa."

Ta soka allura a hannun dama, ba ta samu ba. Ta koma hagu, ba ta samu ba. Jijiyoyin sun shafe. Nathan bai ko motsa ba da allurar ta shige shi. Sai a ƙafa ta samu, a karo na uku, ta rataya ledar ruwa, ta aiki wata mata ta tsayar da keke napep.

A lokacin Justina ta faɗo ɗakin, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, hannayenta da sauran kumfar sabulu da ta bushe.

"Sista, ki yi masa allura. Don Allah ki yi masa mai ƙarfi, wadda za ta tsayar. Na ba shi magani mai kyau, a nan aka ba mu, wallahi a nan aka ba mu bara."

"Zauna, Maman Felicity. Ruwan nan da kike gani shi ne allurar." Ta gyara ledar, ta ci gaba, muryarta ba faɗa. "Zawo ba iri ɗaya ba ne. Ƙwayoyin cutar da ke kawo shi ido ba ya ganinsu, kuma kashi-kashi ne. Akwai bakteriya, irin wadda ta kama yayarsa bara, mai jini da majina. Ita kafso yana kashe ta, in an samu wanda ya dace, aka kuma shanye. Akwai kuma bairos. Ba ni da na'urar gwaji a nan, amma yadda ya fara da amai da zazzaɓi, ya koma ruwa zalla, ga yaran layinku suna ta zuwa da shi, ya fi kama da bairos ɗin da ake kira rota. Shi ko kwali guda na kafso kika ba shi ba ya jin komai."

"To mene ne maganinsa?"

"Babu maganin da ke kashe shi. Kwanakinsa yake yi ya fita. Abin da yake yi kafin ya fita shi ne ya tsiyaye ruwan jikin yaro. Aikinmu mu riƙa mayarwa: nono, ruwan gishiri da sukari, cokali-cokali, ko yana amai, a jira kaɗan a sake. Da ƙwayar zinki. Maɗigar da ta faɗa, da fitsarin da ya ɗauke, duk ruwan ne ya ƙare. An ɗiga masa rigakafinsa a baki yana jariri?"

"Sau ɗaya. Ranar rigakafi ranar aiki ce."

Sista Mashkura ta gyaɗa kai.

"Ni na ce kar a ba shi," in ji Justina. Ba da kowa take ba. "Ni na ce."

"Ba ke kaɗai ba ce. Kullum ina jin haka a ɗakin nan. Tashi, ga keke ya zo. Ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti."

Justina ta rungume shi ta shiga. Sista Mashkura ta shiga gefenta, ta ɗaga ledar ruwan sama da hannu ɗaya. Felicity ta sa ƙafa za ta hau, Iya Zulai ta riƙo ta. Keken ya bi ta cikin ramukan hanya yana tangaɗi, har ya sha kwana.

Suka koma gida a hankali saboda ƙafar tsohuwar.  Gyaɗar tana nan a kasko, rabi ta soyu rabi ɗanya. Felicity ta kwashe tsummokaran daga igiya, ta ninke su, ta jera, don ya samu masu tsabta in ya dawo. Ta share ɗakin. Ta rasa abin yi, ta sake sharewa.

Ranar Juma'a da hantsi ta hango iyayenta daga bakin layi. Babanta, wanda bai taɓa zuwa ranar Juma'a ba, yana riƙe da hannun Mama. Bayan Mama babu goyo. Zanin yana ninke a hammatarta.

Matan layi suka fara fitowa tun kafin su iso. Wata ta saka kuka, wata ta fara addu'a, Iya Zulai ta zauna a ƙasa a ƙofar ɗakinta tana salati. Zacharias ya durƙusa a gaban 'yarsa, da ƙurar siminti a wandonsa, ya ce likitoci sun yi iya yinsu, amma ƙodarsa ta riga ta gaji, da asuba ya cika. Ya ce Ubangiji ne ya bayar, shi ya karɓa. Felicity ta ce to. Aka aike ta ta aro tabarmi, ta je ta aro.

Bayan kwana biyu da jana'iza Sista Mashkura ta zo layin da jakar ƙunshin gishiri da sukari, tana bi ɗaki-ɗaki, tana nuna wa mata yadda ake haɗawa da tafasasshen ruwa, tana cewa a wanke hannu da sabulu bayan an wanke wa yaro kashi. Ta shiga ta yi wa Justina gaisuwa. Justina tana kwance, fuskarta a bango, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Da Sista ta fito, ta tarar da Felicity zaune a kan dutse a bayan ɗaki.

"Feli. Kin ci abinci?"

"Na ci."

Sista Mashkura ta tsuguna kusa da ita. 

"Anti, da na ba shi ruwan, da bai mutu ba?"

Sista Mashkura ta juyo ta dube ta.

"Ban sani ba. Yara da yawa suna tashi in an ba su da wuri. Wasu kuma ko an ba su sai an kai ga asibiti. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ki ji wannan: ba ke kika sa masa ciwon ba, kuma abin da aka ce ki yi shi kika yi. Mamanki ma abin da ta sani ta faɗa miki."

"Na ɗauka irin nawa ne."

"Kowa zai ɗauka haka. Daga waje suna kama."

Ta miƙa mata ƙunshi biyu ta ce ta ajiye, ta dafa kanta, ta wuce ɗaki na gaba, inda wani yaro ya fara amai tun safe.

Felicity ta zauna da ƙunshin a cinyarta. Sunayen da Sista ta faɗa a asibiti ba su zauna mata ba sosai, kuma ba ta san yadda abin da ido ba ya gani yake shiga cikin yaro ba. Abin da ta gane shi ne ciwon Nathan ba irin nata ba ne, maganinta ba zai taɓa warkar da shi ba, kuma duk kukan da ya yi mata ranar Laraba, ƙishirwa yake ji.